Kwana tara da Hajiya a yammacin Ailan: ina za mu yada zango?

Baban Ilham: Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah shawara nake nema, musamman ku da kuke can yamma. Hajiyarmu ta zo daga Kano tun watan jiya, wata uku za ta yi, toh tunda ta sauka daga gida sai masallaci sai kanti, ni ina aiki maman yara tana aiki, rannan take ce min ita fa har yanzu bata ga ƙasar nan ba sai bangon gidajen Dublin, wallahi maganar ta tsaya min a rai. Na samu hutu a Agusta, kwana tara cur. Mu shida ne, ni da uwargida da Hajiya da yara uku, babbar shekara 11, na tsakiya 7, autan 3. Ga abin da na zauna na tsara da taswira: daga Dublin mu kwana Kilkenny, washegari Kinsale, sai Kenmare, sai Dingle, sai Doolin, sai Clifden kwana biyu, mu haura Donegal mu ga dutsen Slieve League, mu biya Giant's Causeway mu dawo gida. Me kuka gani? Kuma a garuruwan nan wanne ne ya fi dacewa da iyali irin namu, wajen abinci da sallah da sauransu.

Kawu na Limerick: Wa alaikumus salam. Allah ya saka da alheri da ka tuna da tsohuwa, Allah ya sa 'ya'yanka su yi maka. Amma ɗana wannan da ka rubuta wahala ce za ka ba ta. Masauki takwas cikin kwana tara? Kullum da safe a naɗe kaya a loda a mota, kullum da yamma a sauke a haura bene da shi, ga yaro ɗan shekara uku. Shekarata ashirin da wani abu ina tuƙi a hanyoyin nan, abin da taswirar waya ta ce maka awa biyu ka ƙara masa rabi, in akwai yara da dattijuwa ka ninka. Zango uku ya ishe ka. Uku kawai.

Maman Sadiq (Tralee): Gaskiya Kawu ya faɗa. Sannan kafin a je ko'ina, Baban Ilham wace biza ce da Hajiya? In ta Ailan ce kaɗai to ka cire Giant's Causeway daga lissafi, can Ailan ta Arewa ce, ƙasar Birtaniya ce, duk da ba shinge ba kowa a kan iyakar amma doka tana nan, kuma ko hanyar da aka fi bi daga Donegal zuwa Dublin ta cikin Arewan take ratsawa. Kar a jawo mata matsala a neman biza na gaba saboda kallon duwatsu.

Baban Ilham: Subhanallahi. Ta Ailan ce kaɗai Anti. Sam hankalina bai kai nan ba, mu da muke da fasfon nan mun saba wucewa Belfast ba tunani. Na gode sosai. An cire.

Kawu na Limerick: Cire Donegal ɗin ma gaba ɗaya. Daga Clifden zuwa can yini guda ne a mota. Donegal tafiya ce mai zaman kanta, ka bar ta sai wata shekara. Kilkenny kuma awa ɗaya da rabi ce daga gidanka, ranar wata Asabar ku je ku dawo.

Ɗan Damagaram (Cork): Ni kam ban yarda a cire Kinsale ba. Nan ne ma bakin hanyar da suke kira Wild Atlantic Way ta ɓangaren kudu, kilomita wajen 2,500 har Donegal, kuma garin yana da kyau, gidaje kala-kala, ga jiragen ruwa a bakin gaɓa, ga kifi. Hajiya za ta ji daɗinsa. Kuma in kun zo ku biyo ta gidana a yi muku abincin rana.

Maman Sadiq (Tralee): Malam ba wanda ya ce Kinsale ba kyau, amma kwana tara ne fa. In ya sauka Cork ya ƙara yini guda a mota. Gara ya miƙe babbar hanyar M7 ya wuce Limerick ya shigo yankin Kerry kai tsaye, kilomita wajen 300 ne zuwa Killarney, in sun tashi da hantsi kafin la'asar sun iso har da tsayawa.

Ɗan Damagaram (Cork): To na ji, amma gayyatar tana nan.

Baban Ilham: Insha Allahu za mu zo takanas Malam. To yanzu a Kerry ɗin ina? Ni Kenmare na sa saboda duk wanda na tambaya a wajen aiki cewa yake Killarney ta cika da 'yan yawon buɗe ido da manyan bas-bas, wai Kenmare ta fi natsuwa.

Likita (Galway): Abokan aikinka ba su yi ƙarya ba. Na kwana uku a Kenmare da iyali shekara biyu da suka wuce kuma in za a sake ni can zan koma. Ƙaramin gari ne, manyan titunansa uku ne sun haɗu kamar kusurwa uku, cikin minti goma ka zagaye shi da ƙafa, akwai manyan kantuna na sayayya, da yamma bayan bas-bas sun watse garin sai ya yi tsit. Babbar fa'idarsa kuma yana tsakanin hanyoyi biyu ne, Ring of Kerry a gefe guda, Beara a ɗaya gefen. Kowa Ring of Kerry ya sani, kilomita 179, amma ni Beara ta fi kwanta min, ba cunkoso, ka hau Healy Pass ka tsaya a sama ka ga tafki a ƙasa da hanya tana naɗewa kamar igiya, ga ƙauyuka irin Eyeries da Allihies masu fenti kala-kala. Mun yi azahar da la'asar a gefen hanya a can sama, ba kowa sai tumaki, iska na ɗaga dardumar sai da muka danne ta da duwatsu.

Maman Sadiq (Tralee): Likita kai da matarka da yara manya ne kuka je. A nan akwai Hajiya. Baban Ilham tana da wata larura?

Baban Ilham: Hawan jini da suga, kuma gwiwa tana damunta, bata iya doguwar tafiya a ƙafa. Amma Alhamdulillah tana kan magani.

Maman Sadiq (Tralee): To ka gani. Ni ma'aikaciyar jinya ce, dole ta nan tunanina zai fara. Babban asibitin Kerry a nan Tralee yake, daga Killarney rabin awa ne, daga Kenmare kuwa sai ka yi awa guda ko fiye. Ba fata muke ba, Allah ya tsare, amma mai suga ba a kai shi nesa da asibiti haka kawai. Na biyu, hanyar Killarney zuwa Kenmare ta Moll's Gap kilomita talatin da 'yan kai ce kawai amma lanƙwasa ce bayan lanƙwasa, Sadiq ɗina sau biyu yana amai a hanyar nan, yanzu in za mu bi sai na tanadi leda da tawul. Akwai wata hanyar ta Kilgarvan wadda ta fi sauƙi amma ta fi tsawo. Na uku kuma, in kuna Kenmare zuwa Dingle da dawowa a yini ɗaya ya yi yawa, in kuna gefen Killarney kuwa abu ne mai yiwuwa, kun ga kun rage masauki ɗaya kenan.

Kuma ba cewa nayi ku zauna cikin garin Killarney ba. Ku nemi gida a Beaufort ko Fossa, ƙauyuka ne a hanyar Killorglin, minti goma sha biyar zuwa gari, gonaki ne da shanu, ka buɗe taga ka ga manyan duwatsun Kerry a gabanka. Gap of Dunloe ma, wata mashiga tsakanin duwatsun, a nan kusa take.

Likita (Galway): Maganar asibiti ban da ja a kanta. Amma ina nan kan bakana cewa Kenmare ta fi daɗin zama. A Beaufort in madara ta ƙare sai an tada mota.

Kawu na Limerick: Ai da mota suke Likita. Ni ina bayan Maman Sadiq. Abin da tsohuwa take so shi ne ta farka a ɗaki ɗaya kwana uku huɗu, ta san inda banɗaki yake, ta san inda alƙibla take, ta ajiye butarta wuri ɗaya. Ku tabbatar gidan yana da ɗakin kwana a ƙasa da banɗaki a ƙasa, ku rubuta wa mai gidan ku tambaya kafin ku biya, hoto ba ya nuna matakala.

Maman Ilham: Assalamu alaikum, ni ce uwargidan, ya sa ni a zauren ne don in ji da kunnena. Ni tambayata abinci ne. Hajiya bata cin abincin turawa sam, ko burodinsu sai an lallaɓa. Shi yana maganar mu sauka a irin gidajen nan da ake ba da karin kumallo, ni kuma nace gida mai kicin.

Maman Sadiq (Tralee): Wa alaikissalam ƙanwata, ke ce da gaskiya, kar ki bari. Karin kumallon nasu naman alade ne kashi-kashi, har da wani baƙi da ake yi da jini, ko kin ce a cire miki a kasko ɗaya ake soya ƙwan. Sannan ku shida ɗaki biyu ko uku za ku kama, kuɗin ya fi na gida guda. Ki kama gida mai kicin da injin wanki. Nama ki saya a shagon halal tun daga Dublin, ki yanka ki raba leda-leda ki daskarar, ki zuba a kula da ƙanƙara zai kai lafiya. Ki ɗauko garin tuwonki da kuka da kuɓewa busasshiya da daddawa da yaji, da tukunya ɗaya babba da muciya domin tukwanen gidajen haya ƙanana ne. Shinkafa, taliya, albasa, tumatir, madara, ƙwai duk akwai a Lidl da Aldi da SuperValu. In nama ya ƙare ki min magana, a Tralee ana samu.

A waje kuma kifi ne mafita, amma ki riƙa tambaya, wasu da giya suke kwaɓa fulawar da suke soya kifin, miyar kifin nan mai madara ita ma wasu suna yanka naman alade a ciki. Suna faɗan gaskiya in kin tambaya, ba sa jin haushi.

Maman Ilham: Allah ya saka Anti. Kin ji ko Baban Ilham, kicin.

Baban Ilham: Na ji, an gama. To amma na duba wasu gidajen sai naga sati guda suke bayarwa, Asabar zuwa Asabar.

Likita (Galway): Haka da yawansu suke yi a Yuli da Agusta. Amma akwai masu karɓar kwana uku ko huɗu, sai dai ka yi sauri don su ake fara kamawa. Kuma ka lura da ranaku: 10 zuwa 12 ga Agusta ana bikin Puck Fair a Killorglin, maƙwabtan Beaufort ne, gari yana cika hanya tana toshewa. Bayansa kuma akwai bikin Rose of Tralee. A nan Galway sukuwar dawaki ce ƙarshen Yuli zuwa farkon Agusta, lokacin ɗaki sai mai rabo.

Kawu na Limerick: Bari in yi maganar mota tunda ita na sani. Taku mai kujera biyar ce ko?

Baban Ilham: Eh Kawu, haya zan yi mai kujera bakwai.

Kawu na Limerick: To ka sani in aka ɗaga kujerun baya but ɗin ba ya ɗaukar komai, akwati biyu ƙanana ne. Ga kula ga tukunya ga keken yaro. Ka nemi wadda ta ɗan fi tsawo ko ka sa akwatin saman mota. In otomatik kake so ka kama da wuri, nan yawanci manuwal ne. Kujerun yara ka ɗauko naku na gida, doka ce yaron da bai kai santimita 150 ba ko kilo 36 sai da kujerarsa, ɗan shekara bakwai ɗin ma yana ciki. Inshora kuma ka biya cikakkiya kar ka yi ƙoro. Na taɓa karɓar motar haya lokacin da tawa take gareji, na kai baƙi Kerry, a wata siririyar hanya bas ta taho na matsa gefe, shingen nan mai jajayen furanni da yake cika hanyoyin Kerry ashe akwai katangar dutse a cikinsa, tun daga ƙofar gaba har ta baya ta karce. Kuɗin da kamfanin ya cire min ya fi kuɗin hayar gaba ɗaya. Kafin ka bar wajen su ka ɗauki bidiyon motar ko'ina har tayoyi.

Sannan in ka bi M50 ta wajen tolget ɗin nan da ba shinge, ka tambayi kamfanin ko su ke biya ko kai, don in kai ne sai ka biya kafin ƙarfe 8 na daren washegari. Ƙananan hanyoyin ƙauye kuma tun Fabrairun 2025 an mayar da su kilomita 60 a awa, da 80 ne. Ka kuma karɓi Eircode na kowane gida, lambar nan mai harafi bakwai, ita ce za ta kai ka ƙofar gidan, in ba haka ba a ƙauye gidaje ba lamba sai ka yi ta zagaye.

Ɗan Damagaram (Cork): Kawu ka manta Conor Pass, hanyar nan ta kan dutse a wajen Dingle.

Kawu na Limerick: Ban manta ba. Da motar kujera bakwai cike da iyali kar ya sauka ta can. Mita 456 ne a sama, ta ɓangaren arewa akwai inda mota ɗaya ce kawai ke wucewa, dutse a gefe guda rami a ɗaya gefen, in kun haɗu da wani dole ɗaya ya yi ribas, in hazo ya sauko kuwa ko bonet ɗinka ba ka gani sosai. In yana son kallo ya hau daga garin Dingle, wannan ɓangaren da faɗi, ya tsaya a wajen ajiye motoci na sama su kalla, ya juyo ta inda ya zo.

Maman Sadiq (Tralee): Ranar Dingle ku bi ta Inch, rairayi ne mai tsawo yara su yi gudu, Hajiya ta zauna a mota ko a kujera tana kallon teku. Daga garin Dingle sai ku yi zagayen Slea Head, ku bi yadda agogo ke juyawa don haka ake so kowa ya bi saboda ƙuncin hanya. Za ku ga allunan hanya sun koma harshen Ailan zalla, yankin masu yaren ne, Dingle ɗin ma Daingean za ku ga an rubuta. Daga Dunquin ana hango tsibiran Blasket, mutane sun zauna can har 1953 da aka kwashe su saboda sun ragu kuma teku na yanke su daga likita da komai. Lokacin da na kai mahaifiyata can abin da ya fi ɗaukar hankalinta katangun dutse ne da aka jera ba siminti, da tumaki da aka shafa wa fenti ja da shuɗi a baya, tace ai wannan shaida ce irin ta masu kiwo a gida. Ta daɗe tana tsaye tana kallo.

Ita kuwa Ring of Kerry ni da za ku ji tawa ba sai kun zagaye ta duka ba. Yini guda ne a zaune. Ku ɗauki rana ɗaya a gandun Killarney kawai, gidan Muckross da lambunsa, akwai keken doki da zai ɗauki Hajiya ba sai ta taka ba, ruwan Torc 'yan mintuna ne daga wajen ajiye mota, sai ku hau Ladies View, inda ake tsayawa a hango tafkuna, ku dawo.

Likita (Galway): In sun kai Ladies View ai saura kaɗan su kai Kenmare, su sha shayi a can su gani da idonsu.

Maman Sadiq (Tralee): Wannan na yarda, in yara ba su galabaita ba.

Baban Ilham: Madalla. To zango na biyu, Doolin?

Likita (Galway): Daga Kerry ka bi ta Tarbert ka shiga jirgin fito da motarka zuwa Killimer, minti 20 ne a kan kogin Shannon, ya raba ka da zagaye ta Limerick kuma yara za su so shi. Doolin kuwa, ka san sunanta ya fito ne saboda kiɗan gargajiya a gidajen giya, abin da ke kai yawancin mutane kwana can kenan, ku kuma ba shi za ku je yi ba. Ƙauyen a warwatse yake a bakin hanya, ba babban kanti. Amfaninsa gare ku tashar jirgin ruwa ce. Ni da Ennistymon ko Lahinch zan ce, suna manne da juna, Ennistymon akwai kantuna da kemis da ruwa mai gangarowa a tsakiyar gari, Lahinch akwai rairayi, kuma daga nan Cliffs of Moher, dogayen duwatsun nan na bakin teku, da Doolin duk ba su wuce minti ashirin ba.

Ɗan Damagaram (Cork): Ni a Doolin na kwana kuma ban ga abin ƙi ba. Da asuba na fita na taka har bakin tashar ba kowa, teku na dukan duwatsu, ban taɓa jin natsuwa irin ta ranar ba. Ba dole sai mutum ya shiga gidan giya ba ai.

Likita (Galway): Ba a ce dole ba Malam, maganar mai girki nake da mai neman kemis. Kai kaɗai ka je da jakarka.

Maman Ilham: Ni dai inda kanti yake.

Likita (Galway): To shi kenan. A Cliffs ɗin ku yanki tikiti ta intanet, ku je da sassafe ko bayan la'asar, tsakar rana bas-bas ne. Mita 214 ne inda ya fi tsawo, ku tsaya inda aka yi katanga, ku riƙe hannun ƙaramin nan kar a sake shi ko na daƙiƙa ɗaya, iskar wurin tana ture babba ma. Suna da 'yar motar lantarki da ke haurawa da masu ciwon ƙafa, ku tambaya wa Hajiya. Tsibirin Inis Oírr bai wuce rabin awa ba daga Doolin, amma ku duba teku da safen, in da igiyar ruwa ku haƙura, ku shiga Burren a mota maimakon haka, ƙasa ce ta farar dutse shimfiɗe har iya ganinka, akwai wani kabari na mutanen da a Poulnabrone da ya haura shekara 5,000, kusa da titi yake.

Baban Ilham: Kwana biyu ya isa nan kenan. Na ƙarshe Clifden.

Likita (Galway): Clifden tawa ce, kusan duk wata sai na je. Sky Road da yamma, Kylemore Abbey a bakin tafki, Roundstone da farin rairayin Dog's Bay, kusa da Clifden ɗin ne ma jirgin saman farko da ya tsallaka Atlantika ba tsayawa ya sauka cikin fadama a 1919. Kantuna duk akwai. Kwana uku ba za su ishe ku ba ma.

Kawu na Limerick: Ni Westport zan ce. Da hujjar Maman Sadiq ta ɗazu, daga Clifden zuwa asibitin Galway kusan kilomita 80 ne a hanya mai lanƙwasa, daga Westport zuwa na Castlebar minti ashirin. Garin a shimfiɗe yake ta bakin kogi, akwai bishiyoyi da kujeru, Hajiya za ta iya ɗan takawa. Kuma Connemara, yankin su Clifden, ba ta tsere musu ba, daga Westport su bi Louisburgh su ratsa kwarin Doolough su fito Leenane su kai Kylemore su dawo, yini ɗaya mai kyau. A Doolough ɗin akwai wani dutsen tunawa a gefen hanya, a 1849 lokacin babbar yunwa mutane suka taka daga Louisburgh cikin sanyi neman taimakon abinci aka mayar da su hannu rabbana, da yawa suka mutu a hanyar dawowa. Duk lokacin da na bi sai na tsaya. Ka ba Hajiya labarin, mutanenmu sun san yunwa, za ta fahimci mutanen ƙasar nan fiye da duk abin da za ta gani a Dublin.

Sannan ga babban dalilina. Daga Westport zuwa Ballyhaunis bai kai awa guda ba kuma kan hanyarku ta komawa ne. Ƙaramin gari ne amma nan aka fara gina masallaci takanas a ƙasar nan, tun shekarun 1980, saboda mayankar halal da ta tara Musulmi ma'aikata a wurin. In ka daidaita ranar komawarku ta faɗo Juma'a, ku yi sallah a can ku wuce gida.

Likita (Galway): Kawu ka kawo abin da ba zan iya ja da shi ba. Amma dai a rubuta cewa Clifden ta fi kyau.

Kawu na Limerick: An rubuta.

Auta (Manchesta): Yaya yanzu na ga zancen nan, ni ma fa zan zo, na duba jirgin ruwa daga Holyhead awa uku da 'yan mintuna ne zuwa Dublin. Rabona da Hajiya shekara biyu.

Maman Sadiq (Tralee): Auta da wane fasfo? In koren ne, takardar zamanka ta Birtaniya bata shigar da kai nan, sai ka nemi bizar Ailan daban, kuma lokacin bazara layi yana tsawo. Ka cike yau ɗin nan.

Auta (Manchesta): Koren ne Anti. Yanzu zan zauna a kai.

Kawu na Limerick: In ya samu kun zama bakwai, kujera ta cika but ya mutu. Ya zo da motarsa a jirgin ruwan, kaya da kula su bi shi, ka ga an huta da akwatin sama. Ya tuna nan kilomita ne ba mil ba.

Baban Ilham: To ga yadda na mayar da shi, ku duba min. Mu tashi Laraba bayan an gama Puck Fair. Laraba zuwa Asabar kwana huɗu a Beaufort ko Fossa: Alhamis gandun Killarney, Juma'a mu shigo Tralee sallah, Asabar Dingle. Lahadi mu tsallaka ta Tarbert, kwana biyu Ennistymon. Talata mu wuce Westport kwana uku, Laraba Doolough da Kylemore, Alhamis hutu ba inda za mu sai cikin gari. Juma'a Ballyhaunis sai gida.

Maman Sadiq (Tralee): Yanzu ka yi magana. Ranar Juma'ar bayan sallah gidana za ku ci abinci, ba shawara bace. Ka sa wa Hajiya rigar sanyi mai kauri da safa da rigar ruwa ko da ka ga rana, Agustan nan sanyi ne a wajenta, ka tambayi masu gidajen ko hita tana aiki lokacin bazara don wasu kashewa suke. Magungunanta a jakar hannu ba a but ba, da na'urar gwajin suga da ɗan dabino a kusa. Magariba a nan yamma sai wajen ƙarfe tara a lokacin, kar ta jira ta kafin ta ci abincin dare.

Likita (Galway): Ranar Talata daga Ennistymon ku bi bakin teku ta Ballyvaughan da Kinvara, amma ku yi ƙoƙari ku wuce Galway kafin ƙarfe uku, cunkoson garin nan da yamma ba kyau. In kun iso da azahar ku kira ni in fito mu gaisa da Hajiya.

Maman Ilham: Na karanta mata duka yanzu. Tace a gaida Kawu da Anti da Likita da mutumin Damagaram, Allah ya yi albarka. Tana tambaya wai jirgin fiton nan da ake shiga da mota, ana fitowa daga motar ne ko a ciki ake zama?

Kawu na Limerick: Muna amsawa, a gaishe ta da kyau. Duk wanda ta so, tana iya zama a ciki, amma matakalar hawa saman tana da tsayi, da gwiwar nan gara ta tsaya a ƙasa kusa da mota. Ku isa Tarbert da ɗan lokaci a hannu, ranar Lahadi a Agusta layi yana yin tsawo.